Takardar Cefanen Sallah a Zangon Kumasi



Shekara ashirin da 'yan kai ke nan ina riƙe wa wani dattijo na unguwarmu alƙalami a nan Kumasi. Wasiƙunsa ni ke rubutawa, sulhun da aka yi a zaurensa ni ke adana bayaninsa, haka ma gudummawar jana'iza da ta gyaran masallaci. Amma duk cikin ayyukan nan babu wanda ake ɗaga murya a kansa kamar wanda ake kirana dominsa idan Sallah ta rage kwana goma. Baba Alhaji yana kan buzunsa, Hajiya uwargida tana gefe a kan 'yar kujera, surukanta suna tsaye a bakin ƙofa, ni kuma ina tsakiya da littafi. Abu uku ake rubutawa: waɗanda za su sauka a gidan, gidajen da za a aika wa akushi, sa'an nan abin da za a dafa.

Bana, da Babbar Sallah ta gabato, jikokin gidan da ke aiki a Ankara suka aiko da shawara. Suka ce a hutar da mata, a ba wata mai girkin biki kwangila, ta kawo soyayyiyar shinkafa da kaza a cikin robobi, kowa ya ɗauki tasa. Kuɗin ma sun ce su za su biya. Hajiya ta saurara har aka gama, sa'an nan ta ce, "Malam, rubuta tuwo." Baba Alhaji bai goyi bayan kowa ba, sai ya umarce ni in ɗauko tsofaffin littattafan gidan in duba yadda aka saba. Na kwana uku ina dubawa. Mafi tsufansu da ajami mahaifinsa ya rubuta shi, tun ana lissafi da fam da sule, kafin sidi ya fito a 1965. Abin da na gani a ciki, da abin da na ji daga bakin manya, da ɗan abin da na karanta na tarihi, su ne na tattara a nan.

Sai mu fara daga hanyar Gwanja, domin a kan jaki abincinmu ya zo ƙasar nan. A ƙarni na 19 ayarin fatake yakan tashi daga Kano ko Katsina ko Sakkwato da rani, ƙarƙashin madugu, a yi watanni ana tafiya kafin a iso Salaga, inda goron dajin Asante yake haɗuwa da kayan arewa. Suna kawo kanwa da tufafi da fatu da dabbobi, kuma kada mu ɓoye, Salaga kasuwar bayi ce a wancan zamani. Duk inda ayari ya yada zango a nan ake hura wuta, daga nan ne ma sunan unguwanninmu ya samo asali. Mutumin da zai yi wata biyu ko uku a hanya ba ya ɗaukar abin da zai lalace. Guzurinsa garin gero ne da busasshiyar kuɓewa da kuka da daddawa da yaji da ƙuli-ƙuli da dakuwa da kilishi. Matan da ke bin ayari su ke tuƙa tuwo su dama fura su sayar wa 'yan alaro da masu kora jakuna. Tafiya mai tsawo irin wannan, babu mamaki Sallah ta riski mutane a daji, a yi Idi a gindin itace, a yanka abin da ya sawwaƙa, a ci da miyar da aka ɗauko daga gida.

Wanda ya lura zai ga cewa kusan duk abincin da mutanen Gana suka karɓa daga hannunmu har suka riƙe sunansa, abincin matafiyi ne ko na bakin kasuwa. Koko da ƙosai da ake sayarwa kowace safiya daga Bolga har Takoradi, ga masa, ga funkaso da suke ce wa pinkaso, ga fura da ta koma fula, ga tsitsinga da ta zama cincinga a bakin kowane ɗan makaranta. Abincin cikin gida irin su alkaki da nakiya da dubulan, waɗanda ke buƙatar alkama da zuma da hannun gwanaye da zama wuri ɗaya, ba su yi nisa a nan ba. A littafin mahaifin Baba Alhaji sau kaɗan na ga an ambaci nakiya, kuma duk inda ta fito akwai sunan wata baƙuwa daga Kano a shafin.

Sarakunan Asante sun daɗe suna tsare fataken arewa a Salaga, ba sa son su shigo daji su sayi goro da kansu. Abin ya fara warwarewa a 1874, lokacin da Turawan Ingila suka ƙone Kumasi, Gwanja ta fita daga hannun Asante, ciniki ya watsu zuwa Kintampo da Atebubu da Kete-Krachi. A 1892 yaƙin basasa ya rushe Salaga, mazaunanta suka bazu. Cikin waɗanda wannan tarzoma ta kora har da Alhaji Umaru, haifaffen Kano a 1858, wanda ya zauna a Kete-Krachi ya zama limaminta har rasuwarsa a 1934, kuma ya bar mana rubuce-rubuce da ajami a kan ƙasar Hausa da sana'o'inta da zaman mutanenta. Bayan an kama Sarki Prempeh na Ɗaya a 1896, aka kuma gama yaƙin Yaa Asantewaa na 1900, ƙofar Kumasi ta buɗe. Jirgin ƙasa ya iso daga Sekondi a 1903. Fatake da tsofaffin sojoji da mahauta da malamai suka kafa gidaje, kakan Baba Alhaji yana cikinsu.

A nan ne tukunya ta gamu da matsala. Kumasi daji ce mai ruwa. Gero da dawa ba amfanin gonarta ba ne, sai an sauko da su daga arewa, da tsada. Abin da ƙasar ke bayarwa doya ce da rogo da gwaza da agade da masara da manja. Sa'an nan da yawa daga mazan farko ba su zo da mata ba. Suka auri Dagombawa da Gurunsawa da Mosawa da 'yan Gwanja, wasu ma Asantawa. Mace kuwa da hannun uwarta take girki. Saboda haka tuwon da aka sani na dawa ko na gero ya koma na masara, ana ƙara masa garin rogo domin ya yi laushi da danƙo, ana kwashe shi ana ci da zafinsa. Shi ne tuwon zafi, wanda duk Gana ta sani da tuo zaafi. Miyar kuka ba ta ɓace ba, amma ayoyo ta sha gabanta, tunda ɗanyen ganye ba ya yankewa a nan, aka kuma saba zuba jar miya a gefenta. Baƙo daga Zariya idan aka ajiye masa wannan yakan tsaya ya dube shi kafin ya sa hannu, na ga haka ba sau ɗaya ba. Mu kuwa shi muka buɗe ido muka tarar, shi ne tuwon gidanmu.

Sakwara ma ta shigo, ta rogo da agade irin ta Asantawa, da miyar gyaɗa ko ta kwakwar manja. Sai dai a tsofaffin littattafan ban taɓa ganin an rubuta ta a ranar Idi ba. Matsayinta rana ta uku, idan baƙi sun ragu, aka sami samari masu ƙarfin daka.

Abincin ranar Idi shi ne shinkafa. Yaran yanzu ba za su gane wannan ba, tunda sun tashi suna cin ta safe da yamma. A zamanin iyayenmu gida yakan yi wata bai ɗora ta ba. Shinkafar arewa ce, 'yar gida, mai tsakuwa, sai an zauna an tsince an rege. Tun tsakiyar azumi ake saye ana ɓoyewa. A shafukan farko na littafin, ita kaɗai ce aka rubuta mudunta daidai ba ragi ba ƙari, sauran kaya kuwa a ce "gwargwadon hali". Iri biyu ake yi da ita. Akwai tuwon shinkafa, wanda maƙwabtanmu suka haɗa kalmarsu ta shinkafa da tamu ta tuwo suka kira shi omo tuo, har ya zama abincin ranar Lahadi bayan an taso daga coci. Akwai kuma shinkafa da wake, wadda ake dafawa da karan dafi da ɗan kanwa har ta yi ja. Sunan waken ne ya rage a bakin mutane, suna rubuta waakye suna furta waace.

Labarin waace ya isa a tsaya a kansa, domin yana nuna yadda abinci ke hawa ya sauka. A littafin ajami tana cikin jerin ranar Idi, kusa da tuwon shinkafa. Da matan Zango suka fitar da ita bakin titi, aka ƙara mata taliya da gari da ganda da dafaffen ƙwai da shito, ta zama karin kumallon ma'aikaci da direba da alƙali, sai darajarta ta Sallah ta zube. A rubutun Baba Alhaji na kansa ta koma rana ta biyu. A nawa kuwa, na duba, shekara goma sha ɗaya rabon da in rubuta ta. Ba wanda ya hana, kawai dai ba wanda zai yi wa surukinsa Barka da Sallah da abin da ya saya jiya a tasha. Matan da suka yi wannan sana'a sun gina gidaje da ita, sun biya kuɗin makaranta, wasu sun sauke farali. A ganina riba ce babba, ko da akushin Sallah ya yi rashi.

Abin da ya fi jan hankalina a tsohon littafin shi ne tsarinsa. Ba a fara da abinci. Sunayen mutane ake jerowa tukuna, a ƙidaya su, sa'an nan a auna hatsi. Farko 'yan gida da 'ya'ya mata da ke gidajen aure, sai malamin da ya karantar da yara da almajiransa, sai gwauraye da zawarawa da tsofaffin da ba su da mai dafa musu, sai baƙin da suka sauka da kaya, domin gidan na mai masauki ne, fataken goro da na shanu suna kwana a ciki. Bayan su sai gidajen maƙwabta, kuma a nan ake ganin Zango yadda take: gidan Mosawa, gidan Wangarawa, gidan Yarabawa, gidan Kotokoli, gidan Zabarmawa, har da gidan Ba'asanten da ke bayan katanga. A wata shekara na ƙirga akushi talatin da huɗu da suka fita. Kowane akushi da ya fita kuwa ba ya dawowa wayam. Kafin azahar tsakar gida ta cika da girkin ƙabilu, har yaro ya san hannun kowace uwa a unguwa ba tare da an gaya masa ba. Uwargida mai hankali tana sa wannan a lissafi, ba ta dafa wa 'yan gida da yawa a ranar farko, tunda ta san abin da zai shigo.

Aikin kuwa na mata ne, kuma mai nauyi ne. Tun jajibere ake jiƙa shinkafar masa, a kai niƙa, a soya cincin, a dafa soɓorodo da lamurje, a fasa itace. Kafin asuba an ɗora manyan tukwane. A Ƙaramar Sallah sunna ce a ci wani abu kafin a tafi Idi, don haka dole masa ko koko su sauka da wuri, ga zakkar fid-da-kai da ake aunawa a fitar kafin salla, wadda a nan yawanci masara ce ko shinkafa. Da yawa daga iyayenmu mata sun tsufa ba su san filin Idi ba, suna bakin murhu. Duk wanda zai yi kukan an bar al'ada, ya fara tambayar kansa ko ya taɓa riƙe muciya a tukunyar mutum hamsin.

Nama kuma tarihinsa daban. Ƙudan tsando ba ya barin shanu su yi yawa a daji, saboda haka tun farko da ƙafa ake koro su daga ƙasar Mosi da bakin Kwara, kuma Mosawa da Fulani da Hausawa ne suka riƙe cinikin, mahautan kasuwa ma akasari namu ne. A Ƙaramar Sallah magidanta sukan yi watanda, su haɗa kuɗi su sayi sa, a yanka a kasa. A layya kuwa malamanmu na mazhabar Malikiyya sun karantar da mu cewa ba a tarayya a kuɗin dabba, sai dai maigida ya shigar da iyalansa cikin lada. Wasu mazhabobin sun yarda mutum bakwai su haɗu a kan sa, kuma yau za ka ga ana yin duka biyun a unguwa ɗaya. Wannan ya sa tsohon littafin yake rubuta rago dabam, sa dabam: rago na ibada, sa na baƙi.

Tsarin cin naman ma rashin firji ne ya shimfiɗa shi. Ranar Idi ba a ci komai sai an dawo, liman ya yanka, sa'an nan kowa ya yanka. Hanta da ƙoda ake fara gasa wa maigida da tsofaffi, kayan ciki su shiga miyar rana, domin su ne ba sa kwana. Rana ta biyu ake rabo da suya, a soya nama cikin kitsensa har ya bushe, a zuba a tukunya a rufe, ya yi makonni. Rana ta uku kai da ƙafafu, a babbake a yi farfesu, a nan ne sakwara ke samun shiga. Mazhabarmu ba ta ƙayyade kaso ba, ta ce a ci a yi sadaka a yi kyauta, ta hana sayar da nama ko fata. Batun ba wanda ba Musulmi ba naman layya, malamai sun yi saɓani, a Malikiyya akwai karhanci. Mahaifin Baba Alhaji ya warware wa kansa wannan cikin sauƙi: maƙwabcinsa Ba'asante yana samun akushinsa kowace shekara, da naman san da aka yanka domin baƙi. Idan Kirsimeti ta zo kuwa, daga can ake aiko da kaza da ranta, domin a yanka a nan.

Akwai shafuka biyu da na daɗe a kansu. Na farko na ƙarshen 1969 ne. Tun 1957 Zangon Kumasi ta ɗanɗana kora, lokacin da gwamnatin Nkrumah ta fitar da Alhaji Amadu Baba da Alhaji Usman Ladan zuwa Nijeriya, amma wancan manya biyu ne. A ranar 18 ga Nuwamba 1969 gwamnatin Busia ta ba duk baƙon da ba shi da takardar zama mako biyu ya fita daga ƙasar. Cikin azumi ne. Mutanen da aka haifa a nan, waɗanda ba su taɓa ganin garin kakanninsu ba, suka sayar da gidaje da rumfuna a wulaƙance suka hau manyan motoci. Sallah ta zo a cikin Disamba. An riga an rubuta sunaye kamar kullum, sai aka bi su da alƙalami ana jan layi. Gidan Yarabawa an ja, gidan Zabarmawa an ja, fataken da ke masauki duk an ja, har da surukin gidan guda. Daga talatin da wani abu, sha uku suka rage. Baba Alhaji ya ce shinkafar da aka tanada ta yi yawa a shekarar, aka rasa masu ci, mahaifiyarsa ta riƙa ɗorawa tana aikawa tasha, inda mutane ke kwana suna jiran mota. Har yau bai yarda a ce wa wannan shekara ta yunwa ba, ya ce abinci ne ya rasa mutane.

Shafi na biyu ni ma ina ciki, ina ɗan shekara goma sha biyu ko sha uku. A Janairun 1983 gwamnatin Shagari ta kori baƙi daga Nijeriya, 'yan Gana kusan miliyan ɗaya suka dawo gida, suka tarar da fari da gobarar daji sun cinye gonaki. Kasuwa ta bushe. Mutane suka rame har ƙashin wuya ya fito, ana kiransa sarƙar Rawlings. Ana layin dokunu tun bai dahu ba, a saye shi ɗanye a kai gida. Ƙaramar Sallah ta faɗo a watan Yuli, kafin sabon amfani ya shigo. A shafin wannan shekara babu shinkafa ko mudu ɗaya. An rubuta jar masara ta agaji, da kuka, da daddawa. Sunayen mutane kuwa sun fi na kowace shekara yawa, saboda waɗanda suka dawo daga Legas. Ba a soke kowa ba, malmala aka rage. Na tuna an aike ni da ƙaramin kwano gidan wata tsohuwa, malmala biyu a ciki kamar ƙwan agwagwa, ina jin kunyar miƙawa. Ta karɓa da hannu biyu ta yi ta sa albarka har na fita daga lungun. Kuka da daddawa, guzurin ayari da aka fara rainawa, su suka fitar da gidan kunya a wannan shekara.

Daga nan abubuwa suka sauya da sauri. Kasuwa ta buɗe, shinkafa mai ƙamshi ta Tailan da Biyetnam ta cika rumfuna, ba tsinta ba regewa. Kajin kankara suka shigo daga Turai da Amurka da Barazil, suka fi na gida araha. Maggi ya ture daddawa, tumatirin gwangwani ya zauna. Dafa-duka ta zama sarauniyar ranar Idi, daga baya soyayyiyar shinkafa da salak suka bi ta. A tsakiyar shekarun 1990, zamanin Rawlings, aka mai da Sallolin biyu ranakun hutu na ƙasa, sai abokan aiki da na makaranta waɗanda ba Musulmi ba suka sami damar zuwa cin Sallah, kuma girki ya karkata zuwa abin da kowa ya sani. Akushin itace ya ba kwanon tangaran wuri, shi kuma ya ba kula, kula ta ba robar da ake ci a yar. Robar nan ita ce ba na so, kuma dalilina ɗaya ne: ba ta dawowa. Akushi dole a mayar da shi, mai mayarwa kuma sai ya shiga ya gaida mutanen gida.

Tsada ma ta dawo da wani salo. A ƙarshen 2022 hauhawar farashi a Gana ta haura kashi 50 cikin ɗari. Tumatirinmu daga Burkina Faso yake zuwa, albasa daga Nijar, raguna da shanu ta Paga suke shigowa daga ƙasashen da rashin tsaro ya addaba. Da aka rufe iyakoki bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023, kowace mai miya a Kumasi ta ji a jikinta. Hanyar da kakanninmu suka bi da jakuna har yanzu ita ke ciyar da tukunyarmu, idan ta toshe a Galmi sai an ji a Aboabo.

Da na gama karanta musu abin da na tsinto, aka koma kan takardar bana. Hajiya ba ta ƙi hujjar jikokinta ba. Ta ce gaskiya ne ƙarfinta ya ƙare, surukanta biyu ma'aikata ne, hutun kwana ɗaya gare su. Amma ta ce mai kwangila ƙidayar roba take yi, idan an ce ɗari, ɗari za ta kawo, to baƙo na ɗari da ɗaya fa? Tukunyar gida ana iya ƙara mata ruwa da gari. Sa'an nan ta lissafo tsofaffi shida a cikin dangi da likita ya hana su maiƙo da gishiri mai yawa, da biyu da ba su da haƙoran nama, da yayar Baba Alhaji wadda in ba ta ga ayoyo ba za ta ce ba a yi Sallah da ita ba. Babbar surukar ta ce, "Hajiya, to a raba aikin mana." Baba Alhaji ya dube ni ya ce, "Malam, fara da sunaye."

Mutum sittin da bakwai muka samu masu ci a gida cikin kwana uku, da gidaje goma sha tara na aike. Aka bar wa mai kwangila shinkafar matasa da abokansu, roba hamsin, rana ta farko kawai, da sharaɗin kajin a nan za a yanka a kai mata. Tuwon zafi da ayoyo da miyar kayan ciki a gida za a yi, kuma samarin gidan ne za su ɗebo ruwa su fasa itace su tuƙa babbar tukunya, abin da ba a taɓa rubutawa ba a littafin sai bana. Gidajen aike kuwa Hajiya ta ce a fito da kwanonin tangaran da ke ƙarƙashin gadonta, a liƙa wa kowanne suna a gindi. Rana ta biyu suya da rabo, da tuwon shinkafa da miyar gyaɗa. Rana ta uku kai da ƙafa da sakwara.

Har na rufe littafi, sai ƙaramar jikar gidan, wadda ta zauna tana sauraro tun farko, ta ce ita ba ta taɓa cin waace da aka dafa a gidan nan ba. Hajiya ta yi dariya ta ce in buɗe in ƙara: wake olonka biyu, karan dafi, kanwa, safiyar rana ta biyu.